Baƙin Shafen Da Ke Hana Inji Cin Kansa

Idan bakanike ya sauke injin da ya buga, ya kwance kwanon baƙin mai, wuri guda hannunsa yake nufa: waɗansu 'yan ƙarafa masu siffar rabin zobe da ke rungume da karanshaf, waɗanda a gareji ake kira metal. Zai ciro ɗaya ya ɗaga shi zuwa haske. Idan cikinsa fari ne sumul, da sauran kwana. Idan kuwa jan tagulla ya leƙo, ko farce na maƙalewa a cikin zanen da ya kewaye shi, to magana ta koma ta kuɗi. Wannan ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba shi ke karɓar dukan da fistin yake sauke wa karanshaf, sau 1,500 a minti guda idan injin na juyi 3,000.

Kusan shekara talatin ke nan da masu ƙera motoci suka fara yi wa wasu sassan inji wani baƙin shafe mai sheƙi, siriri ƙwarai, wanda ya fi ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tauri, ga shi kuma da santsi. Da kabon ake yin sa, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u, kuma a masana'antu ana kiran sa DLC a taƙaice, wato kabon mai kama da lu'ulu'u. Ya shiga nozul, ya shiga famfon dizal, ya hau zoben fistin. Amma da ya iso kan metal, inda mutum zai yi zaton nan aka fi buƙatarsa, sai tafiyar ta yi sanyi. Dalilin yana cikin yadda aka gina metal ɗin tun asali.

Toshiyar da mai ya tunkuɗo

A shekarar 1883 wani injiniya a Landan mai suna Beauchamp Tower yana gwaji a kan gammon da gatarin taragon jirgin ƙasa ke juyawa a ciki. Ya huda rami a saman gammon don ya sa abin ɗiga mai. Da ya tayar da na'urar, sai mai ya riƙa bulbulowa ta ramin yana ɓata masa wuri. Ya toshe da toshiyar kwalba, mai ya tunkuɗo ta. Ya buga itace a ramin, shi ma a hankali ya fito. Sai ya ɗaura ma'aunin matsi a wurin, allurar ta wuce fam 200 a kan kowane inci murabba'i, wanda shi ne iyakar ma'aunin. Babu wani famfo da ke tura man nan. Juyawar gatarin ce kaɗai ke jan sa zuwa cikin matsattsen wuri, har ya yi ƙarfin da zai ɗaga ƙarfe daga kan ƙarfe.

Bayan shekara uku Osborne Reynolds na Manchester ya fitar da lissafin abin, kuma a kan lissafin nan ake ƙera metal har gobe. Injin da ke tafiya lafiya, karanshaf ɗinsa ba ya taɓa metal ko kaɗan. A kan baƙin mai yake shawagi. Famfon mai kawo man kawai yake yi, juyawa ke samar da ƙarfin ɗauka. Kaurin wannan shimfiɗa ta mai, a inda ta fi matsuwa, bai wuce 'yan maikiron ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin kan mutum yakan kai kamar 70.

Matsalar ita ce sai da juyi ake samun shawagi. A 1902 Richard Stribeck ya auna wannan a Balin, ya nuna cewa gogayya tana sama a lokacin da gatari ke fara motsi, ta faɗo ƙasa warwas da zarar mai ya ɗaga shi, sannan ta sake hawa kaɗan-kaɗan idan gudu ya yi yawa, saboda jan kaurin man. Ke nan a duk lokacin da aka murɗa makulli akwai ɗan taƙi da karanshaf ke kwance a kan metal yana gurzar sa kafin mai ya raba su. A nan ne mafi yawan suɗewar metal ke faruwa.

Da can wannan bai dami kowa ba sosai. Masu ƙera metal suna lissafin cewa mota irin ta da za a tayar da ita kamar sau 50,000 a tsawon rayuwarta. Sai aka fito da motocin da ke kashe kansu a danja su sake tashi da an ɗaga ƙafa daga burki, da kuma masu haɗa fetur da batir, lissafin ya haura zuwa kusan 500,000. A lokaci guda kuma aka koma wa baƙin mai tsinkakke irin su 0W-20, har da 0W-16, domin mai kauri yana cin ƙarfin inji. Tsinkakken mai kuwa shimfiɗarsa ta fi siranta.

Me ya sa ake wannan wahala? A 2012 Kenneth Holmberg da Peter Andersson na cibiyar bincike ta VTT a Finlan, tare da Ali Erdemir na ɗakin bincike na Argonne a Amurka, suka lissafa inda fetur ɗin ƙaramar mota yake tafiya. Suka gano cewa kashi ɗaya cikin uku yana ƙarewa ne wajen yaƙi da gogayya a inji da giya da taya da burki, kuma kashi 11.5 cikin 100 a cikin injin kansa yake salwanta. A lissafinsu, matsakaiciyar mota tana ƙona lita 340 a shekara a kan gogayya kawai, ƙananan motocin duniya gaba ɗaya kuma sun ƙona lita biliyan 208 a 2009. Duk wanda ya san kuɗin lita a yau ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Tsakanin fensir da lu'ulu'u

Bakin fensir da lu'ulu'u abu ɗaya ne, jeri ne ya bambanta su. A cikin girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, kowace ƙwayar kabon tana riƙe da uku a shimfiɗe, shimfiɗun kuma suna zamewa a kan juna, shi ya sa fensir ke barin alama a takarda. A cikin lu'ulu'u kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu ta kowace fuska, babu inda zai zame, shi ya sa babu dutsen da ya kai shi tauri. DLC cakuɗe ne na riƙo biyun ba tare da wani tsararren jeri ba. Idan riƙon huɗu ya rinjaya sai ya yi tauri. Sauran kuma su ba shi santsi.

Bajamushe Heinz Schmellenmeier ya ba da rahoton samun irin wannan shafe mai tauri tun 1953, amma aikin Sol Aisenberg da Ronald Chabot a Amurka a 1971 shi ne ya buɗe ƙofar. Kafin ya shiga inji ya shiga wasu wurare: faifan ajiyar bayanai na kwamfuta yana ɗauke da siririn kabon da ke kare shi, kuma a 1998 Gillette ya sa shi a bakin rezarsa Mach3.

Iri biyu ne suka fi muhimmanci. Akwai mai haidurojin a ciki, wanda ya fi sauƙin yi, akwai kuma maras haidurojin, wanda riƙon lu'ulu'u a cikinsa kan kai kashi 80 cikin 100. A ma'aunin tauri na Vickers, ƙarfen da aka gasa ya taurara yana wajen 700 zuwa 800. Mai haidurojin yana tsakanin 1,500 da 3,000. Maras haidurojin yana wuce 4,000, wani lokaci nesa ba kusa ba. Lu'ulu'u kansa yana wajen 10,000.

Yadda ake yin sa abin kallo ne. Ana fara wanke kayan ne wanki na ƙin ƙarawa, don ko shatin yatsa ya rage a jiki shafen ba zai kama ba. Ma'aikata sanye da safar hannu su jera su ɗaruruwa a kan sanduna masu juyawa, a tura cikin wani ɗaki na ƙarfe, a rufe, a zuƙe iskar ciki kusan ƙarƙaf. Sai a saki iskar agon, a kunna wuta, ɗakin ya ɗauki wani haske mai ruwan shuni da ake hangowa ta 'yar taga. Ƙwayoyin agon suna dukan saman ƙarfen suna kankare abin da wanki ya bari. Daga nan a shimfiɗa siririn kuromiyam ko wani ƙarfe makamancinsa, domin kabon ba ya son manne wa ƙarfe kai tsaye. Sannan a saki asitilin, gas ɗin nan da masu walda ke samu daga kabaid. Wutar ta tarwatsa shi, ƙwayoyin kabon su riƙa faɗa wa kayan da ƙarfi suna taruwa. Idan maras haidurojin ake so, ba a amfani da gas. Dunƙulen girafait ake kai wa tartsatsin wuta ko hasken leza ya tashi ya zama tururi. Ana kula kada zafi ya wuce kamar digiri 200, don kada ƙarfen ya saki taurinsa. Bayan sa'o'i a buɗe ɗakin, kayan da suka shiga farare su fito baƙi wuluk, da shafe mai kaurin maikiron biyu ko uku.

Santsinsa ma akwai dalili. Da gogayya ta fara, saman shafen yana rikiɗa kaɗan ya koma girafait, wani ɓangare ya lafe a jikin ƙarfen da ke gugar sa, sai ya zama kabon ne ke zamewa a kan kabon. Ƙarfe da ƙarfe idan mai ya ƙare musu suna kama juna har su narke su haɗe, wanda shi ne bugawar inji. Kabon ba ya haɗewa da ƙarfe haka. Busasshen ƙarfe a kan ƙarfe yana da ma'aunin gogayya na 0.5 ko fiye. A kan DLC yakan sauko zuwa 0.1 ko 0.2. A ƙarshen shekarun 1990 Erdemir ya samar da wani nau'i a Argonne da ya sauko har 0.001, amma a cikin busasshiyar iskar naitirojin. A iskar duniya mai laima adadin yana hawa. Ya kamata a riƙa tuna wannan sharaɗi duk lokacin da aka ga irin waɗannan alƙaluma a talla.

Inda ya ci kasuwa

Masu tseren motoci ne suka fara runguma, don su kuɗi ba ya tsorata su. Amma dizal ne ya mai da shi kayan miliyoyi. A farkon shekarun 1990, da Suwidin ta rage sulfa a cikin dizal, famfunan motoci suka riƙa lalacewa, domin tacewar ta tafi da sinadaran da ke ba man santsi. Sai kuma a 1997 tsarin feshin dizal na Bosch mai bututu guda ya fito a motar Alfa Romeo 156 da matsin da ya kai 1,350 a ma'aunin bar. Na yanzu suna wuce 2,000. A cikin nozul da famfo babu baƙin mai, dizal ɗin ne kaɗai man shafawa, kuma ratar da ke tsakanin sassan 'yan maikiron ce. Shafen kabon ya zama mafita. Kamfanoni irin su Oerlikon Balzers da Ionbond da HEF suna yi wa masu ƙera sassa wannan aiki, Hauzer na Holan kuma yana ƙera injinan yin sa.

Daga nan ya hau saman inji, inda kamshaf ke danna bawul. Wurin ba ya samun cikakkiyar shimfiɗar mai ko da inji na gudu. A 2006 Nissan ya sa maras haidurojin a kan kofunan da ke danna bawul a injinsa VQ35HR, ya ce idan aka haɗa da man da ya dace gogayyar wurin tana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100. Sai sandar da ke haɗa fistin da konrod, wadda idan an shafe ta wasu injina ba sa ma buƙatar bushin tagulla. Sai zoben fistin. A wajen mota ma, SKF da Timken suna shafe ƙwayoyin manyan boris da kabon mai haɗe da ƙarfe, har da na injinan samar da lantarki daga iska.

Duk waɗannan wurare abu ɗaya ya haɗa su: ƙananan sassa ne na ƙarfe mai tauri, da ke aiki inda mai ba ya isa sosai.

Abin da ya sa metal ya ƙi

Metal da gangan aka yi shi da taushi. Tun 1839, da Ba'amurke Isaac Babbitt ya yi rajistar gammon da aka zuba wa haɗin kuza da tagulla da antimoni, hikimar ba ta canja ba. Bayan metal ɗin ƙarfe ne, amma cikinsa haɗi ne mai laushi, ko dai tagulla da dalma da aka lulluɓe da siririn dalma da kuza, ko alminiyam da kuza. Taurinsa a ma'aunin Vickers 'yan gomomi ne kawai. Dokar Tarayyar Turai ta 2000 kan tsofaffin motoci ta sa an bar dalma a hankali, amma taushin yana nan.

Wannan taushi aiki uku yake yi. Idan ƙwayar yashi ko ɓurɓushin ƙarfe ya biyo mai, metal yana haɗiye shi ya binne a jikinsa, kada ya zagaya yana yanka karanshaf. Wanda ya duba tsohon metal da kyau zai ga 'yan ɗige-ɗige a cikinsa. Kowanne datti ne da aka kama. Idan karanshaf ya ɗan lanƙwasa saboda nauyi, ko ramin bai zo daidai ɗari bisa ɗari ba, metal yana suɗewa ta gefen ya daidaita kansa. Idan kuma mai ya yanke, shi ke fara mutuwa, ya bar karanshaf mai tsada da rai. DLC ba ya yin ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Yashi a ma'aunin Vickers yana wajen 1,000, ya fi ƙarfen karanshaf tauri. Idan ya shiga tsakanin fuska biyu masu tauri ba shi da wurin ɓuya, sai ya yi ta zagaye. A ƙasar da ƙurar hunturu ke rufe sama wata da watanni, kuma matatar iska ke daɗewa ba a sauya ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma batun abin da ke ƙarƙashi. Shafe mai tauri a kan ƙarfe mai laushi kamar busasshen ɓawon laka ne a bakin tafki lokacin rani: sama ya yi ƙarfi, ƙasa taɓo, ana takawa ya ɓurma. Idan DLC ya fashe haka, gutsattsarinsa masu kaifi su ne za su zama yashin da ke cin injin. Ga shi dama shafen yana fitowa daga ɗakin da matsi mai yawa a cikin jikinsa, wanda ke sa shi ɓarewa idan ya yi kauri ko bai kama da kyau ba.

Shi ya sa masu bincike da yawa suka juya tunanin: a bar metal da taushinsa, a shafe wuyan karanshaf ɗin. Ta fuskar ilimi wannan ya fi ma'ana, kuma ana gwada shi. Ta fuskar kasuwa kuwa da sauran aiki. Ɗakin da zai ɗauki dubban allurar nozul a zubi ɗaya, karanshaf kaɗan zai ɗauka, kuma sai an rufe duk inda ba a so shafen ya taɓa. Maras haidurojin yana fitowa da 'yan ƙuraje da sai an goge su, in ba haka ba ya zama magagari ga metal. Sannan karanshaf ɗin da aka shafe ba ya gurzuwa. Masu gurza karanshaf a Kano ko Maraɗi, idan za su mayar da shi girman farko na ƙasa, milimita 0.25 suke ragewa a faɗinsa, abin da ya ninka kaurin shafen sau hamsin ko fiye. Gurza ɗaya ta tafi da shi gaba ɗaya, kuma babu garejin da zai iya mayar da shi.

A halin yanzu wani shafen ne ya ci gasar a kan metal, kuma ba mai tauri ba ne. Federal-Mogul ya fito da IROX, wani jan shafe na roba mai jure zafi da aka cakuɗa da garin tsatsar ƙarfe da sinadaran santsi. Mahle da wasu ma suna da nasu. Fesa shi ake yi a gasa, yana da araha, yana jure tashi da tsayawa, yana kuma iya haɗiye ɗan datti. Manyan injinan dizal kuma sun daɗe suna amfani da metal da aka yi wa shafen alminiyam da kuza a ɗaki maras iska, wanda ya fi na gargajiya ƙarfi amma bai kusanci DLC ba.

Baƙin mai ma yana da ta cewa

Sinadaran da ke cikin baƙin mai don ƙarfe aka tsara su. Mafi shahara, ZDDP, tun shekarun 1940 ake zuba shi. Idan zafi da gogayya suka haɗu sai ya gina wata siririyar kariya a saman ƙarfe. A kan kabon ba ya kamawa yadda yake yi a kan ƙarfe. Wani sinadarin rage gogayya mai molibdinam, MoDTC, an gano yana iya hanzarta cinye DLC mai haidurojin. A ɗaya gefen kuma, Makoto Kano na Nissan da Jean-Michel Martin na Liyon a Faransa sun nuna a 2005 cewa maras haidurojin, idan aka haɗa shi da wani sinadari da ake samu daga gilisarin da kitsen tsirrai, gogayyarsa tana faɗowa zuwa wajen 0.03, alhali ƙarfe a kan ƙarfe a irin wannan yanayi yana wajen 0.1. Shafe da mai tare ake tsara su, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masu ƙera sababbin motoci ke tsananta wa kan irin man da za a zuba.

Motocin da ke ɗauke da waɗannan sassa sun riga sun shigo garuruwanmu ta Kwatano da Legas, don haka abin ya shafi mai mota da bakanike. Wanda ya buɗe inji ya ga kofin bawul ko sandar fistin baƙi mai sheƙi, kada ya ɗauka ƙonewa ce ya kai masa samfefa. Shafen siriri ne ƙwarai, gugu na iya lalata shi. Idan baƙin ya ɓare har farin ƙarfe ya bayyana, sauyawa ake yi. Al'adar ɗura wa kowace mota 20W-50 don garin da zafi tana cutar injin da aka ƙera wa tsinkakken mai, domin ratarsa matsattsa ce, kuma man yana jinkirin isa sama da safe. Juye a kan lokaci da filta ta ƙwarai sun fi muhimmanci a irin waɗannan injina fiye da na da. A ɓangaren dizal kuwa, ruwa ko yashi a cikin mai yana iya kashe nozul mai shafen kabon duk da taurinsa, kuma gyaransa yawanci sayen sabo ne.